Adashin da Jikoki Ke Zuba wa Kakanni

(Kiɗan buɗe fili)

 Wanda ke kan hanya Allah ya kai shi gida lafiya. Wadda ke gindin murhu kuma ta ɗan jawo rediyon kusa, don zancen namu na yau akwai lissafi a ciki. Amurka za mu je, mu leƙa hukumar da ke biyan tsofaffi fansho, ta biya wanda ciwo ya kwantar, ta kuma biya iyalin wanda ya rasu. Can suna kiran ta Social Security Administration, a taƙaice SSA. A 2024 mutum kusan miliyan 68 ne ke karɓar kuɗi daga hannunta duk wata, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar na ƙasar.

Bari in fara muku da wata dattijuwa.

A watan Nuwamban 1939, wata mata mai suna Ida May Fuller, 'yar wani ƙaramin gari da ake kira Ludlow a jihar Vermont, ta shiga garin Rutland don wata 'yar hidimarta. Sakatariya ce a ofishin lauyoyi, ta cika shekara 65, ta ajiye aiki. Da ta zo wucewa ta ofishin hukumar sai ta ce bari dai ta leƙa, tunda shekara uku ke nan ana yankar wani abu a albashinta, ko akwai abin da zai fito. Aka cike mata takarda. Ran 31 ga Janairun 1940 aka rubuta mata caki na dala 22 da senti 54, ta zama mutum na farko da ya karɓi fanshon wata-wata a wannan tsari.

To ga inda lissafin yake. Duk abin da aka yanka a albashinta a shekaru ukun nan dala 24 ne da senti 75. Kafin wata na biyu ya ƙare ta mayar da kuɗinta har da ɗoriya. Allah kuma ya yi mata tsawon rai, sai da ta cika shekara 100 cif ta rasu, a 1975. Abin da ta karɓa gaba ɗaya ya haura dala 22,888.

Masu sauraro, kuɗin wa ta ci?

Wanda ya amsa wannan tambayar ya gane hukumar nan. Da yawa daga Amurkawan kansu sun ɗauka akwai wani akwati da sunansu a jiki, inda ake tara musu abin da aka yanka har ranar tsufa. Babu wannan akwatin. Abin da aka yanka a albashin ma'aikaci wannan watan, da shi ake biyan tsohon da ke zaune a gida wannan watan. Iyayenmu mata masu adashi sun riga kowa sanin irin wannan: kowa ya yi zubi, ɗaya ya kwasa. Sai dai a wannan adashin matasa ne ke zubi, tsofaffi na kwasa, su kuma matasan sai sun yi furfura 'ya'yansu su zuba musu. Uwar adashi ita ce hukumar. Kuma shiga dole ce, ba a tambayar ra'ayinka.

Yaya aka yi ƙasar da kowa ke tinƙaho da dogaro da kai ta yarda da adashin dole? Wuya ce ta sa. A da, can ma kamar nan, gona da 'ya'ya su ne fanshon tsoho. Amma ƙidayar 1920 ta nuna mazauna birni sun fi mazauna karkara yawa. Mutum ya bar gonar ubansa ya shiga masana'anta, ranar da ƙarfi ya ƙare ba rumbu ba garke. Sai kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, bankuna dubbai suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki. Zuwa 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki. Ɗan da ya kasa ciyar da 'ya'yansa, ina zai sa tsohonsa?

A cikin wannan hali wani likita a jihar Kalifoniya, Francis Townsend, ya fito da tasa dabarar: gwamnati ta ba duk wanda ya kai 60 dala 200 a wata, da sharaɗin ya kashe su kafin wata ya zagayo. Lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba, amma tsofaffi miliyoyi suka bi shi, 'yan siyasa kuwa suka ga wuta na tunkaro su. Shugaba Franklin Roosevelt ya ɗora aikin tsara fansho a kan ministarsa ta ƙwadago, Frances Perkins, mace ta farko da ta taɓa riƙe minista a ƙasar. Ita wannan mata ta ga abin da bai bar ta ba har ta mutu: a 1911 tana tsaye a kan titi a New York lokacin da gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinki, ma'aikata 146 suka hallaka, akasarinsu 'yan mata, wasu sun faɗo ta taga saboda an kulle ƙofofi. Kwamitin da ta jagoranta ya duba abin da Jamus ta yi tun 1889 zamanin Bismarck, ya tsara nasa. Ran 14 ga Agustan 1935 Roosevelt ya sa hannu a kan dokar.

An ba shi shawara a biya daga baitulmali kawai, a bar albashin talaka. Ya ƙi. Hujjarsa ta siyasa ce tsantsa: in mutum ya ga ana yankar kuɗinsa duk wata, zai ɗauki fanshon haƙƙinsa ne, ba sadaka ba, kuma ba ɗan siyasar da zai iya soke shi gobe ya kwana lafiya. Ni dai a ganina wannan ce dabara mafi kaifi a duk tarihin hukumar, don gwamnatoci sun zo sun wuce, masu ƙaunar tsarin da masu ƙinsa, ba wanda ya iya tumɓuke shi.

Kada kuma mu shafa wa labarin mai. Dokar 1935 ta bar 'yan ƙwadagon gona da masu aikatau a gidaje a waje, kuma a lokacin kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen fata ma'aikata a waɗannan sana'o'i biyu suke. Masana tarihi na jayayya har yau: wasu sun ce 'yan majalisar kudancin ƙasar ne suka ƙi yarda baƙar fata ya samu abin da zai sa ya ɗaga kai, wasu sun ce wahalar karɓar haraji a gona da ɗakin girki ce. Ko ma wanne ne, wanda ya fi kowa buƙata shi aka bari a rana, sai a 1950 da 1954 aka shigo da su.

(Ɗan kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hukumar fansho ta Amurka.

Adashin mutum goma, uwar adashi na iya riƙe shi a ka. Na mutum miliyoyi sai da rubutu. Saboda haka aikin farko da aka yi shi ne ba kowa lamba. Hukumar ba ta da isassun ofisoshi a lokacin, sai aka bi ta gidajen waya: daga Nuwamban 1936 masu raba wasiƙu suka riƙa kai fom, suna dawowa da shi a cike. Lamba ce mai alƙaluma tara, a kan ɗan kati. Aka tara takardun a wani tsohon gini a bakin ruwa a birnin Baltimore, da injinan lissafi masu aiki da kati mai huji, shekaru kafin a san kwamfuta. Har yau hedikwatar hukumar na gefen Baltimore, a wani wuri mai suna Woodlawn, ba a Washington ba.

Ga wani abin dariya da ya faru. A 1938 wani kamfani mai yin walat ya so ya nuna wa masu saye cewa sabon katin zai shiga aljihun walat ɗinsa daidai. Sai aka buga katin gwaji aka saka a kowanne, kuma maimakon a ƙirƙiro lamba, wani babba a kamfanin ya ɗauki ainihin lambar sakatariyarsa. Aka baza walat a kantunan Woolworth. Katin ƙarami ne, ja ne, an rubuta samfuri ne a jikinsa, amma ina! Mutane suka saya suka ce ai ga lambarsu ta zo. A 1943 kaɗai mutum 5,755 ne ke aiki da lambar baiwar Allah nan. Sai soke ta aka yi aka ba ta wata. A ƙarshe waɗanda suka yi iƙirarin lambar sun haura 40,000.

Yau lambar nan ta wuce maganar fansho. Ba ka buɗe asusun banki cikin sauƙi, ko ka ci bashi, ko a ɗauke ka aiki, sai da ita. Jariri ma tun a asibiti ake nema masa.

To yaya zubin yake? A ce ga wata ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya a unguwar Bronx ta New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, Hausawan Gana da Nijar da Najeriya na cikinsu. Albashinta dala 1,000 a mako. In ta buɗe takardar albashi za ta ga an cire dala 62, wato kashi 6.2 cikin ɗari. Asibitin da take wa aiki shi ma ya ɗora dala 62 daga aljihunsa. Maigidanta kuwa direban tasi ne mai cin gashin kansa, shi ne yaro shi ne ubangida, don haka shi zai biya duka biyun, kashi 12.4. Akwai iyaka a sama: a 2024, abin da mutum ya samu sama da dala 168,600 a shekara ba a yankar wannan harajin a kansa. Da aka fara a 1937, kashi ɗaya ne kacal, a kan dala 3,000 na farko.

Kana zubi ana rubuta maka maki, huɗu ne iyakar abin da za ka samu a shekara. Sai ka tara 40 za ka cancanci fanshon tsufa, wato aikin shekara goma ke nan. Mai maki 39 bai da ko sisi. A nan nake so 'yan'uwanmu da ke can su buɗe kunne. Akwai daɗi a biya ka a hannu, ba takarda ba haraji, kuɗinka cas. Amma shekarar da ba a rubuta ba, a wurin hukumar ba ka yi ta ba. Kuma in an zo lissafin abin da za a ba ka, shekaru 35 da ka fi samu a cikinsu ake ɗauka a raba. Wanda ya isa ƙasar yana da 45, ya yi aikin shekara 15 a rubuce, sifili ashirin za a jera masa a cikin lissafin. Abin da ke ɗan rage zafi shi ne an karkata ma'aunin wajen mai ƙaramin ƙarfi: kason farko na matsakaicin albashinka ana mayar maka da kashi 90 cikin ɗari, na tsakiya kashi 32, na sama kashi 15. Mai babban albashi ya fi karɓar kuɗi, amma mai shara ya fi shi samun kaso mai tsoka na abin da ya saba samu.

Sai maganar yaushe za ka fara kwasa. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, cikakken fanshonsa sai ya kai 67. Yana iya farawa a 62, amma za a rage masa kashi 30 har ƙarshen ransa. In ya daure ya wuce 67, kowace shekara ana ƙara masa kashi 8, har zuwa 70. Caca ce da ajali, kuma ba wanda ya san nasa. Magini da gwiwarsa ta ƙare a 60 ba shi da zaɓin da malamin jami'a yake da shi. A 2024 matsakaicin abin da ɗan fansho ke karɓa wajen dala 1,900 ne a wata. Na san wani yanzu ya fara juya shi zuwa naira ko sefa yana salati. Malam, tsaya ka tambayi kuɗin hayar ɗaki a New York tukuna.

Abu biyu ne suka fi burge ni. Na farko, tun 1975 kuɗin na bin hauhawar farashi da kansa, ba sai 'yan fansho sun yi zanga-zanga ba. Da kaya suka yi tsada, ƙarin da aka yi na 2023 kashi 8.7 ne. Na biyu, ranar biya. Yawancin masu karɓa ranar Laraba ake biyan su, gwargwadon ranar haihuwa: wanda aka haifa tsakanin 1 da 10 ga wata, Laraba ta biyu; 11 zuwa 20, ta uku; sauran, ta huɗu. Tsohuwa na iya duba kalanda a watan Janairu ta san ranar da kuɗin Disamba zai shigo. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa layin tantance 'yan fansho, da fayil a hammata da rana a ka, ya san darajar wannan.

(Ɗan kiɗa)

Tsufa ba shi kaɗai ke raba mutum da albashi ba. A 1939, tun kafin a fara biyan wata-wata, aka gyara dokar aka shigo da iyali. In magidanci ya rasu, 'ya'yansa da ba su kai 18 ba kowanne na samun kashi 75 cikin ɗari na fanshonsa, amma akwai iyakar abin da gida ɗaya zai karɓa. Matarsa na iya fara karɓa a 60, ko a kowace shekara in tana renon ɗansa da bai kai 16 ba. In ta sake aure kafin 60, ta rasa. Miji ma haka yake in matar ce ta rasu. Matar da aka saka, in auren ya kai shekara goma, ita ma tana da rabo, kuma nata bai rage na wadda ke ɗaki ba. Har iyayen mamaci, in sun kai 62 kuma shi ke ɗauke da su. Akwai kuma ɗan kuɗin rasuwa da ake bayarwa sau ɗaya, dala 255, wanda aka tsayar tun 1954 ba a ƙara ba. A Amurka ta yau bai isa ko haƙa kabari ba.

A lura, wannan ba gado ba ne da za a zauna a raba. Wanda ya yi zubin shekara arba'in ya mutu a 61, ba mata ba ƙananan yara ba iyayen da ke kansa, zubinsa ya tafi ga wasu. Kotun Ƙolin ƙasar ma ta faɗi abin da ya fi wannan ɗaci. Wani ɗan asalin Bulgeriya, Ephram Nestor, ya yi zubi shekara 19, har ya fara karɓa, sai aka kore shi daga ƙasar a 1956 saboda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, aka tsayar da kuɗinsa. Ya kai ƙara. A 1960 alƙalai biyar cikin tara suka ce zubi bai mallaka wa kowa dukiya ba, Majalisa na da ikon sauya doka. Wato haƙƙin da Roosevelt ya dasa a zukatan mutane, a gaban kotu alƙawari ne kawai.

Ɓangaren nakasa shi ya zo a ƙarshe, a 1956 zamanin Shugaba Eisenhower, kuma shi ya fi tsauri. Ba a biyan rabin nakasa. Sai likitoci sun tabbatar ciwon ya hana ka aikin da za ka rayu da shi, kuma zai kai shekara guda ko ya zama ajali. Ko an amince, akwai jiran wata biyar. Akasarin masu nema ana mayar da su a karon farko, sai su ɗaukaka ƙara, mataki-mataki har gaban alƙalin hukumar, wani lokaci a shafe fiye da shekara. Mutumin da ƙodarsa ta lalace ko bayansa ya karye, ba albashi, yana jiran wasiƙa. A nan ne Amurkawa suka fi kuka da hukumar, kuma kukan nasu na da hujja.

Mu koma kan adashi. Me ke kashe adashi? Masu kwasa su yi yawa, masu zubi su ragu. A 1960 ma'aikata biyar ne ke zuba wa mai karɓa ɗaya. Yau ba su kai uku ba. Haihuwa ta ragu, rai ya yi tsawo, ɗimbin yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun tsufa a tare. An taɓa zuwa bakin rami a 1983, saura watanni kuɗi su gaza. Shugaba Reagan da kakakin majalisa Tip O'Neill, waɗanda ba sa ga maciji a siyasa, suka zauna a kan rahoton kwamitin Alan Greenspan, kowa ya haɗiye abin da ba ya so: aka gaggauta ƙarin haraji, aka fara karɓar haraji a kan fanshon masu hali, aka ɗaga shekarar ritaya daga 65 zuwa 67 a hankali. Wannan ya tara rara mai yawa, wadda doka ta ce a ba gwamnati rance da ita. Daga 2021 aka fara cin rumbun. Rahoton amintattun asusun na 2025 ya ce rarar ɓangaren tsofaffi da iyalan mamata za ta ƙare a 2033. Ba wai biya zai tsaya ba, tunda zubi na shigowa, amma abin da zai shigo kashi 77 cikin ɗari kawai zai iya biya. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a ƙara zubi, ko a cire iyakar nan ta masu manyan albashi, ko a rage kwasa, ko a ƙara shekaru. Kowane ɗan majalisa ya san su. Tsofaffi kuma sun fi kowa fitowa ranar zaɓe.

Mu nan gida hanyoyinmu sun rabu. Masu sauraronmu na Kumasi da Accra sun san SSNIT, na Maraɗi da Damagaram sun san CNSS, duka biyun tukunya ɗaya ce ake zubawa a ciki, kusa da irin na Amurka. Najeriya kuwa a 2004 ta koma ga akwatin nan da na ce babu shi a can: kowane ma'aikaci da asusunsa da sunansa, hukumar PenCom na sa ido, kuma tun gyaran 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8, mai aiki kashi 10. Kowanne da inda yake yoyo. Mai tukunya ɗaya na tsoron ranar da masu zubi za su ragu. Mai asusun kansa na tsoron hauhawar farashi ta cinye abin da ya tara, ko ya rayu ya wuce kuɗinsa. Manomi da ɗan tireda da mai ɗinki kuwa, waɗanda su ne mafi yawanmu, har yanzu suna inda 'yan aikatau na Amurka suke a 1935.

Saura magana biyu ga masu 'yan'uwa a can. Wanda ya zama ɗan ƙasa, in ya dawo gida ya zauna a Kano ko Tamale, kuɗinsa na iya biyo shi. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ƙa'idar ita ce in ya yi wata shida a jere a waje ana tsayar da biya, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka togace, kuma togaciyar ta danganta da ƙasarsa da yawan makinsa. A je ofis a tambaya kafin a ɗaure kaya. Sannan a duba lissafin shekarun aiki a shafin hukumar na intanet, don in wani mai aiki bai kai zubinka ba, gyaran ya fi sauƙi tun takardun albashi na hannunka. In kuma aka bugo waya aka ce daga hukumar ne, an dakatar da lambarka, ka turo kuɗi ko katin sayayya yanzu-yanzu ko a kama ka, ɗan damfara ne. Hukumar ba ta dakatar da lambar kowa, ka kashe wayarka.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe fili)